Kwanon da Ya Daɗe a Zurgu

Kwanon samira ne ya suɓuce daga hannun 'yata Halima ya faɗi a kan siminti, ya yi ta juyawa yana ƙara kamar ba zai tsaya ba. Ina tsugune a bakin murhu, ban san lokacin da faɗan matiron ɗinmu ta makarantar kwana ya fito daga bakina ba, da Turancinsa da komai, har da wurin da take tsayawa ta ja numfashi. Yarinya ta yi tsuru tana kallona, don ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Sai na ji murya ta kan katanga:

"Wai wace baturiya Malam Sule ya ajiye a gida ba mu sani ba?"

Goggo Asabe ce, tsohuwar ungozomar asibiti, ta zo duba mai jego a maƙwabtanmu. Kafin in gama jin kunya ta yi sallama ta shigo, ta jawo kujera 'yar tsugune ta miƙe ƙafafu.

"Ina kika tsaya a boko?"

"Na gama sakandare, Goggo."

"Kin gama sakandare, shi ne kike zaune kina yi wa kwano Turanci? To, ya amsa miki?"

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, an kuma ƙaddamar da shari'a a Kano. Ƙungiyoyin taimako suka fara shigowa ƙauyukan Rano da Kibiya da fararen motoci. Matsalarsu ɗaya ce: shugabanninsu ba sa jin Hausa, samarin da suke yi musu tafinta kuma ba sa wuce zaure, alhali abin da suka zo gani yana cikin gida, wurin mata. Goggo ce kaɗai take shiga da su, da Turancin da ta tsinta a wurin likitocin Indiya, ga gwiwa ta fara hana ta sakat. Ita ta tari maigidana da maganar in kama aikin tafinta, ranar da ya dawo daga kai kayan koli kasuwar Kibiya a kan mashin ɗinsa. Ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu: magariba ta same ni a gida, kuma kada in dawo ina yi masa Turanci a kan tuwo.

'Yan matan da suke zuwa wurina yanzu, waya a hannu, sukan ce, "Umma, tafinta ai ba wani aiki ba ne. An faɗa, ki faɗa. Waya ma tana yi." Dominsu nake rubuta wannan.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Akwai ƙamus na Turanci wanda bangonsa ya cire, nake naɗe shi a tsohon ɗankwali. Akwai hijabi, kuma ba sabo ba. Goggo ta ce sabon hijabi rufe bakin mata yake yi, don in kin shiga kina sheƙi, hijabinki za a kalla a ba shi amsa, ba ke ba. Akwai silifas mai sauƙin cirewa, tunda a yini ɗaya sai ki cire takalmi a ƙofar ɗakin da ba ki iya ƙirgawa. Sai goro don tsofaffi da alewa don yara. Wurin zama ma kayan aiki ne. Ba a gaban baƙuwa ba, kada a ɗauka ke ce mai tambaya. Ba kusa da matar gida ba, kada baƙuwa ta ɗauka kun haɗa baki. A gefe, ɗan baya kaɗan, a ƙasa.

Aikina na farko a Kibiya ne, ina biye da wata likita, Goggo tana zaune a bayana. Likita ta tambayi matar gidan me suka ci da safe. Matar ta ce, "Mun karya, alhamdulillahi." Ni kuwa, don in nuna na iya, na ce wa likita sun ci abinci mai kyau sun gode wa Allah. Sai na ji mintsini a cinya, irin wanda yake barin shaida.

A mota Goggo ta ce, "Ina kika ji mai kyau?"

"Ai ta ce alhamdulillahi."

"Wanda ya ci kaza alhamdulillahi yake cewa, wanda ya sha ruwan kanzo ma alhamdulillahi yake cewa. Ke wa ya aike ki ki zaɓa mata? Bakinki aro ne, Hajara. Abin da aka faɗa, ki faɗe shi yadda yake. Abin da idonki ya gani a gidan mutane kuwa, ba naki ba ne, sai kin nemi izinin mai shi."

Na yi damina ɗaya da rani ɗaya ina bin ta, cinyata ta sha mintsini har ta saba. Ranar da muka shiga gidaje tun hantsi har la'asar ban ji hannunta ba ko sau ɗaya, sai ta ce gobe ba za ta fito ba, gwiwa ta ce ta gaishe ni.

Masu ɗaukata aiki iri-iri ne. Akwai masu sauri, waɗanda suke so ki yanke gaisuwa, ba su san amsar da suke nema tana bayan gaisuwar ba. Akwai wadda ta yi ta kuka a kowane gida har matan suka koma rarrashinta. Amma wadda na fi daɗewa da ita Madam Bisi ce, 'yar Ibadan, doguwa mai dariya da ƙarfi, wadda take yafa gyale in za mu shiga gida, gyalen yana zamewa tana jawo shi. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina gajiya" ba, kuma duka biyun a lokaci ɗaya take faɗarsu.

A motarta na koyi cewa Turawa ma suna da matakala a talauci. Hanyar Rurum tana da nisa da gargada, sai ta mayar da ita aji. Na ce mata a makaranta kalma ɗaya aka ba mu, poor. Ta yi dariya ta ce poor ai riga ce mai faɗi, kowa tana shigarsa, har ita in ta tsaya kusa da masu gidajen Legas. Na ce haka talaka yake a wurinmu, kana iya zama talaka da rumbu cike, in dai ba ka da sarauta ba ka da dukiya. Ta ce needy shi ne wanda wani abu ya gaza masa, ana nemo masa. Na ce mabuƙaci ke nan. Penniless kuwa, in ji ta, kalmar aljihu ce, ɗan attajirin da aka yanke wa aljihu a tasha ma yana iya faɗarta, gobe ya manta. Indigent kalmar ofis ce, ta kotu da asibiti, ba a yin hira da ita. Da muka zo kan pauper sai ta daina dariya. Ta ce tsohuwar kalma ce mai ƙasƙanci, da ita ake kiran wanda hukuma take binnewa don ba shi da mai yi masa sutura, kada in kuskura in ɗora ta a kan mai rai.

"Saura destitute," ta ce. "Ita ce ƙasan matakalar. Wanda aka bari ba komai. Ba abinci, ba abin sayarwa, ba wanda zai jingina da shi. Amma ba zagi ba ce. Ba halin mutum take faɗa ba, abin da ya same shi take faɗa. Ambaliya tana iya mayar da mai gidan bene destitute kafin rana ta take."

Na gaya mata abin da malamin Islamiyyarmu ya karantar da mu a babin zakka, cewa faƙiri yana da ɗan abu amma ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai. Ta ce to ashe malamanku sun riga ƙamus ɗina. Muka yi ta jujjuya yadda za a faɗi destitute a tsakar gida ba tare da an ɓata wa kowa ba. Miskini ta yi kama da wa'azi. Marar galihu ta fi dacewa da maraya. Goggo ce ta raba gardamar da na kai mata, ta ce, "Ki ce wanda yau ta fi ƙarfinsa. Kin bar masa gobe ke nan."

Sai shekarar wahala ta zo. Ruwa ya ɗauke dawa tana tsakiyar fitar da kai. Aka girbe kara, ba a girbe hatsi ba. Kafin azumi mata sun fara sayar da kwanukan jerensu, kafin bazara an fara cin tafasa ba ƙuli. A shekarar ne ƙungiyar Madam ta kawo wani shiri: akuya biyu da hatsin da zai kai mutum kaka, amma ga gidajen da suke destitute kaɗai, tunda abin ba shi da yawa. Kowane ƙauye da rabonsa. Ƙauyen da ba a samu kowa ba, rabonsa ya wuce gaba.

Kafin mu je Zurgu an aika saƙo ta hannun wani ma'aikaci, shi kuma ya juya shi yadda ya ga dama. Mai shela ya zaga gari yana cewa gobe baƙi za su zo daga birni su rubuta matsiyata. Awaki da hatsi kuwa, ba wanda ya ambata. Ku da kuka tashi a nan kun san tsiya ba rashi ba ce kaɗai a wurinmu. Har da hali, kuma in ta manne wa gida, 'ya'ya da jikoki ma da ita ake kiransu.

Gidan farko da muka shiga, sai ga tsakar gida a share tas, an shimfiɗa jan kafet a ɗaki, ga shuɗin filas a gefe. Matar gidan ta ci ado. Ko me aka tambaye ta, "Lafiya lau, alhamdulillahi." Gida na biyu, jan kafet, shuɗin filas. A gida na uku Madam ta sunkuyo ta raɗa mini:

"Hajara, idona ne, ko kuwa tare muke yawo da kafet ɗin nan? Dubi ƙunar dutsen guga a gefensa. Tun safe nake gaishe ta."

Na danne dariya da bakin hijabi. Da muka fito muna gyara takalmi, sai muka ga kafet a naɗe yana tsallake danga, wasu hannaye suna miƙawa, wasu suna karɓa. Filas ya biyo baya. Madam ta juya ta kalli bishiya kamar ba ta ga komai ba, kafaɗunta suna rawa.

Gidan da kafet ya sauka na Inna Tabawa ne, wata tsohuwa ƙaramar halitta mai kaifin ido. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta ɗaya da yake noma mata ya bi shi, matar ɗan ta yi aure a nesa, aka bar mata jika mai suna Sa'a, wadda a lokacin haƙoran gabanta suka fita. Inna ta karɓe mu tana haki kaɗan, don ita ta shimfiɗa kafet ɗin. Ta zuba mana kunu daga filas. Madam ta yi tambayoyinta, ina juyawa. Akwai hatsi? Alhamdulillahi. Akwai mai taimaka muku? Allah yana nan. Akwai abin da kuka rasa?

Inna ta gyara zama ta ce, "Gaya mata ba abin da muka rasa."

Na gaya mata, yadda aka faɗa. Amma na ga murhu a share, ba toka ko ta shafa wa kwano. Na ga kuma idon Sa'a yana bin kofin kunu daga hannun Madam zuwa bakinta, ya dawo.

A mota Madam ta ce, "Na san garin nan suna rufa wa wasu asiri. Amma wa? Kafet ɗaya, amsa ɗaya. Ba zan iya raba awaki da zato ba, za a tambaye ni hujja. In kasuwar Kibiya ta zagayo ban samu kowa ba, rabon Zurgu zai tafi Zinyau." Ta kalle ni. "Kin ga wani abu?"

Na ce ta ba ni lokaci in nemi izini.

Washegari na turara dambu da zogale na cika kwanon nan na samira, wanda ya jawo mini aikin, da tabonsa a gindi. Maigida ya ɗauke ni a mashin, yana ta mita wai shi ɗan kasuwa an mayar da shi direban ƙungiya ba albashi. Ya zauna a gindin dalbejiya a ƙofar gida, ni na yi sallama.

Ɗakin Inna ba kafet, ba filas. Tabarma ce guda da ta cinye a gefe, da tukunya a kife. Ta dube ni, ta dubi kwano.

"Yau ba motar?"

"Gaisuwa na zo, Inna."

"Gaisuwa da ƙamus a jaka? Zauna, 'yar nan. Kin zo ganin ɗakin ba kwalliya, ga shi nan."

Ta buɗe kwano ta tura wa Sa'a, ita ko loma ba ta kai ba sai da yarinyar ta ƙoshi. Na kwashe bayani na yi mata: awaki, hatsi, da cewa kalmar da baƙin suke nufi ba tsiya ba ce, wanda yau ta fi ƙarfinsa ce. Na ce ta ba ni izini in faɗi abin da na gani.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Turancinku mai kyau ne, ku riƙe abinku. Amma ba Turanci aka yi shela da shi ba. An ce matsiyata. Duk gidan da motar nan ta sauke akuya, an san sunansa. Ni na gama nawa, ko me aka kira ni ba zai hana a binne ni ba. Wannan fa?" Ta nuna Sa'a da haɓa. "Ranar da aka zo neman aurenta, wata za ta ce, ai jikar matsiyaciyar nan ce da aka rubuta. Akuya biyu za su goge wannan? Ban ba ki izini ba."

Na ce to.

Muna cikin haka wata mata mai jiki ta shigo ba dogon sallama, da kwanon tuwo a rufe. Ta dire shi, ta ɗauki wani kwanon da yake kife a bakin ƙofa, a wanke, ba komai a ciki. Inna ta kau da kai lokacin da take ɗauka. Kun san al'adarmu, kwanon da ya shigo da abinci ba ya komawa haka nan, ko 'yar gyaɗa ko kuɓewa busasshiya sai an jefa. Da na tashi tafiya na miƙa hannu zan ɗauki nawa, sai Inna ta dafe shi.

"Bar shi. Zan aiko miki."

A waje na tarar da mai kwanon tana jirana. Uwani sunanta, maƙwabciyar Inna, kuma ita ce mai jan kafet.

"Malama, jiya mun fita kunya ko? Ba wanda aka rubuta."

"Kun fita, Yaya Uwani. Kun rufa asiri har kun rufe da awaki."

"Waɗanne awaki?"

Da na gaya mata sai ta dafe ƙirji ta yi salati. "Akuya biyu! Da hatsi! Ni da na yini ina jifa da kafet kamar mahaukaciya, har ƙuguna ya riƙe! Wallahi da mai shelar nan zai biyo ta nan, da muciya zan karɓe shi." Sannan ta ce, "Amma ku ma da naku. Wa yake tambayar mutum rashinsa da bakinsa? Ko ni kika tambaya, lafiya lau zan ce. Ku tambaye mu inda kwanonmu yake zuwa mana. Kowace mace a garin nan ta san gidan da take aika wa tuwo, ta kuma san gidan da kwano yake dawowa a wanke."

Na sami Madam a masaukinta a Rano. Ban gaya mata abin da na gani a ɗakin Inna ba, tunda ba a ba ni izini ba. Maganar Uwani na juya mata, kalma da kalma. Sai Madam ta buga cinya ta ce haka mahaifiyarta take yi a Ibadan, kuma ita ce ake aike da kwanon tana yarinya, yaya aka yi ta manta? Ta ce shaidar maƙwabta hujja ce, ofis zai karɓa. Saura maganar suna. Nan ma ba mu sha wahala ba, don abin yana cikin garin tun kafin a haife mu: kiwo. Mai hali yakan ba wata akuya ta kiwata masa, in ta haihu a raba. Ba wanda yake jin kunyar kiwo. Madam ta ce dama tsarinsu shi ne 'yar akuyar farko a miƙa wa wata, to ai kiwo ne, sunan ne ba su sani ba.

Muka koma Zurgu. Wannan karon ni na tsaya a kan mai shela har ya haddace: baƙi suna neman mata masu amana da za a ba kiwo. Muka zauna a gidan mai unguwa, mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Tambaya biyu ce kawai. Ina kwanonki yake zuwa? Daga ina yake dawowa a wanke? Ba wadda ta ce lafiya lau. Wata ma kafin in gama tambaya ta amsa. Gidaje kaɗan ne sunansu ya yi ta dawowa, na Inna Tabawa a gaba. Abin da ya ba Madam mamaki, masu aika kwanon su ma a shekarar sau ɗaya suke ɗora tukunya. Ta ce mini, "Ƙamus ya ce destitute ba shi da kowa. Wannan tsohuwa tana da unguwa guda." Na ce haka ne, sai dai unguwar ma ta kusa kifa tukunya. Ta ce za ta rubuta kalmar don ofis, amma a ranta ta san ba ta yi wa Zurgu daidai ba, ta yi mata kaɗan ta wani gefen, ta yi mata yawa ta wani.

Uwani ce ta ja awakin zuwa gidan Inna, ba mota ba. Muna biye da ita. Inna ta fito ta zagaya su, ta buɗe bakin ɗaya ta duba haƙora, ta taɓa hantsar ɗayar.

"Na wa ne?"

"Kiwo ne, Inna," na ce. "'Yar farko za ki bayar a kai wa wata. Sauran naki."

"Buhun hatsin fa?"

Uwani ta karɓe. "Mai kiwo da yunwa za ta yi kiwon? Ke dai Inna akwai son magana."

Inna ta kalle ni, kallon da ya nuna ta gane komai. "Ke kika faɗa?"

"Ban faɗa ba, Inna. Kwanuka ne suka faɗa."

Ta yi 'yar dariya ta karɓi igiya. "To. Kiwo ai aiki ne. Ki gaya wa doguwar nan jar ta fi kyau, baƙar kuwa an cuce ta a kasuwa, tsohuwa ce kamar ni." Na juya wa Madam yadda aka faɗa, ban rage ba. Dariyarta sai da ta kori kajin maƙwabta.

Daga nan duk inda muka je, Rurum ko ƙauyukan Kibiya, da tambayar kwano muke farawa. Na yi shekaru ina aikin, har na koya wa wasu, har ni ma na yi mintsini. Don haka, 'yan mata, in wayarku ta gaya muku ma'anar destitute, ba ta yi ƙarya ba. Amma ku tambaye ta a gaban wa za a faɗa, da wace murya, kuma wa zai ci gaba da zama a garin da sunan bayan mota ta tafi. In ta amsa, ku zo ku gaya mini, in ba ta ƙamus ɗina da ɗankwalinsa.

Kwanona kuwa bai dawo ba. Damina ta zo ta yi kyau, aka yi kaka, aka shiga wata shekarar. Maigida yakan tsokane ni wai na kai kwanon aurena ƙungiya. Ni har na cire rai, na sayi wani.

Sai bayan kaka ta biyu muka koma Zurgu duba awaki. Na Inna sun zama garke ƙarami, jar ta yi tagwaye, baƙar da aka raina ma ta haihu. Takinsu ta zuba a 'yar gonar bayan gida. Mun gama, muna shirin shiga mota, sai na ji ana kira, "Anti! Anti mai Turanci!" Sa'a ce take tahowa, haƙora sun fito, da kayan makaranta a jikinta. Ba gudu take yi ba, tafiya take a hankali, da abu a hannu biyu an rufe da faifai. Ta durƙusa ta miƙo mini. Kwanona ne, da tabonsa a gindi. Na ɗaga faifan: gyaɗa ce ɓararriya cike, an jera ƙwai a kai.

Ta ce, "Inna ta ce ki yi haƙuri ya daɗe. Wai ba mantawa muka yi ba. Jira muka yi mu sami abin sawa a ciki."